Ruwan da Ka Gani a Kan Marmara Ba Na Rijiya Ba Ne

Ka tambaye ni dalilin da ya sa na hana a sa zobe a kammala rijiyar nan ta Tudun Wadan Zariya, alhali ruwa ya fara tsattsafowa tun a gaba 3, maigidan kuma sai murna yake yana cewa a rufe aiki. Ka ce kai a ganinka mun riga mun faɗa kan idon ruwa. Gara da ka yi tambayar yanzu, ɗana, kafin ka fara karɓar aiki da kanka, domin nan ne mahaƙa da yawa suke cin kuɗin mutane ba tare da sun yi niyyar zalunci ba.

Mutane suna ɗauka wani kogi ne ke gudu a ƙarƙashin ƙasa, mai sa'a ya huda kansa. A ƙasar Zazzau ba haka ba ne. Ruwan yana zaune ne a 'yan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayar ƙasa da 'yar'uwarta. Cika bokiti da busasshen yashi har baki, ka riƙa zuba masa ruwa a hankali. Zai shanye wajen kashi 1 cikin 3 na bokitin kafin ruwa ya kwanta a sama, ga shi kuwa da farko ka rantse a cike yake. Huda gindin bokitin, ruwan zai zube nan da nan, ya bar yashi da ɗan danshi kawai. Sai ka sake gwadawa da yumɓun da masu ginin tukwane ke ɗiba. Shi in ya jiƙa ya fi yashi ɗaukar ruwa, amma huda bokitin ka zauna jira, sai dai ka gaji ka tashi. Ka matsa shi a hannu, ka ji sanyi da laima har cikin tafinka, amma ɗigo ɗaya ba zai ba ka ba.

Dalili shi ne ruwa yana manne wa jikin ƙwayar ƙasa. Ƙwayar yashi babba ce, ƙofofin da ke tsakani masu faɗi ne, ruwan da ke tsakiyarsu ba abin da ya riƙe shi, sai nauyinsa ya ja shi ƙasa. Ƙwayar yumɓu kuwa ido ba ya ganinta don ƙanƙanta, ƙofofinta sun matse har kusan duk ruwan da ke ciki yana taɓa jikin wata ƙwaya, ya kamu ke nan. Shi ya sa manomi da mahaƙin rijiya ba abu ɗaya suke nema ba. Manomi yana son ƙasar da za ta riƙe wa dawarsa danshi in ruwan sama ya ɗauke mako biyu. Mu kuwa wadda za ta saki muke nema. Ƙasa ta jiƙe sharkaf ba ita ce ƙasa mai ba da ruwa ba, kuma wannan shi ne abin da ya fi wuyar shiga kan sabon yaro.

Wannan mannewar ce kuma ke sa ruwa ya hau sama, kamar yadda kananzir ke bin lagwani. A yashi ba ya wuce kamu ɗaya ko ƙasa da haka, a yumɓu yakan haura mita guda har da ɗori. Saboda haka in kana haƙa, za ka fara jin ƙasa ta yi sanyi tana kama bakin diga tun da sauran tafiya kafin ainihin ruwa. Ka lura da gindin katangun ƙasa a cikin birni bayan damina: laima ta hau su, wajen da ta tsaya ya yi fari-fari yana zagwanyewa. Ruwan ƙasa ne ya hau, ya bushe, ya bar gishirin da ya ɗauko. Magina sun san shi sarai, shi ke cin gini daga ƙasa.

To, yanzu ga abin da muke ratsawa in muna haƙa a yawancin tudun Zariya. Akwai ƙasar sama, mai laushi, wadda in ruwan farko ya buge ta sai ta yi ɓawo, ruwa ya riƙa gudu a kanta maimakon ya shiga. Daga nan jar ƙasa. Daga nan, a wurare da yawa, marmara, mai tauri da ramuka-ramuka, wadda ke sa diga ta yi tsalle. Ƙarƙashinta sau da yawa yumɓu ne mai dabbare-dabbaren ja da fari. In ka wuce shi sai ka shiga ruɓaɓɓen dutse: ka gan shi da kamannin dutse, amma ka murtsuke shi da yatsa sai ya wargaje, ga tsakuwa-tsakuwa, ga 'yan abubuwa masu ƙyalli a ciki. Can ƙasa kuma fa ne, irin dutsen da ya fito fili a Kufena. Shi ba ya shan ruwa sai ta inda ya tsage, kuma tsagar ce masu burtsatse ke nema da injinsu. Namu rabon yana cikin ruɓaɓɓen nan, musamman can ƙasa-ƙasansa inda ya fi tsakuwa.

Ruwan da ka gani a gaba 3 bai kai can ba. Ruwan daminar bana ne da ya bi ramukan marmara ya sauko, ya iske yumɓu ya tare masa hanya, ya kwanta a kai. Da ka duba da kyau, ai daga jikin bango yake zubowa, daga sama da inda ƙafarka take, ba daga ƙasa yake ɓulɓulowa ba, ƙasan ramin kuma da muka soka dagi mun iske shi da ɗan dama-dama, bai jiƙe ba. Irin wannan ruwan hunturu na kamawa yake fara ja da baya. Kafin bazara guga ya riƙa dawowa da laka. Maigida ya biya kuɗin zobe da siminti, ya dawo sayen ruwa a wajen 'yan garuwa, sunanka kuma ya ɓaci a unguwar.

Ko ainihin ruwan ƙasa ma ba ya zama wuri ɗaya. Zariya tana samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, daga Mayu zuwa Oktoba, mafi yawansa a Agusta. Amma ka lura da tsohuwar rijiya: ruwan farko ya sauka a Mayu, har Yuni, ita ko motsi. Sai ƙasar sama ta sha ta ƙoshi, itatuwa da amfanin gona sun ɗebi nasu, rana ta ɗebi nata, sannan ragowar ke wucewa ƙasa, a hankali ƙwarai. Rijiya ba ta cika sai wajen Satumba. Daga nan ruwan ya riƙa silalewa ta cikin ƙasa zuwa gangare, zuwa fadamun kogunan Kubanni da Galma. Shi ya sa mai lambu a fadama zai tona rami kaɗan ya sami na ban-ruwa da rani, mutumin tudu kuwa yana ƙara igiya. Ƙarshen ja da bayan ruwan a Afrilu ne zuwa farkon Mayu. Rijiyar da aka kai ƙarshenta a lokacin, aka kuma nutsa cikin ruwan sosai, ita ce mai riƙe gida shekara. Ni da za a bi tawa, ba wanda zai kammala rijiya kafin Maris.

Akwai abin da ya fi ƙafewa damuna. Ruwan kan marmara ba ya samun tacewa. Ruwan da ya ratsa ƙasa mai kauri a hankali yakan bar yawancin ƙazantarsa a hanya, wanda ya bi rami da tsaga kuwa yadda ya shiga haka yake fitowa. Ka ga inda masan maƙwabcin gidan nan yake, bayan katanga kawai, kuma ta sama da mu. Ma'aikatan lafiya suna cewa a bar mita 30 tsakanin masai da rijiya, rijiyar kuma ta kasance ta tudu. Na san a Tudun Wada da cikin birni, yadda gidaje suka cushe, da wuya a sami wannan filin. To, in ba a samu ba, abin da ke hannunmu shi ne mu toshe ruwan kan marmarar nan gaba ɗaya: zoben da ke saitin marmara a liƙe haɗinsu da siminti, a cusa yumɓu a bayansu a daddanna, a ɗaga bakin rijiya, a yi daɓe mai gangara, a sa murfi. Yaran gidan ne za su sha ruwan nan, amai da gudawa kuwa mun ga abin da yake yi da damina.

Saboda haka gobe za mu sa zobe a iya inda muka kai don kada bango ya rufta, mu rufe bakin da katako mai ƙarfi saboda yara da awaki. Ni zan yi wa maigidan bayani da bakina, kai ka tsaya kusa ka ji yadda ake faɗa. In bazara ta yi mu dawo mu ratsa yumɓun. Ranar, kafin ka sa ƙafa a ciki, a fara zura fitila a ga ko za ta ci gaba da ci, domin ramin da ya daɗe a rufe yakan tara iskar da ke kashe mutum, kuma ko da wasa kada ka yarda a saukar da injin jan ruwa mai fetur cikin rami.