Shago zan saya ko ɗakunan haya zan gina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a Abuja, ina zaune a Kubwa. Na ɗan tara abin da Allah ya hore, ina so in sa shi a harkar gidaje. Wasu abokaina sun ce in sayi shago a filaza, wasu sun ce in gina ɗakunan haya. Wanne ya fi dacewa da sabon shiga?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka. In dai wannan kuɗin shi ne jarinka gaba ɗaya, ni ɗakunan haya zan ce ka fara da su.

Kai da kake Kubwa ka san cunkoson da ake yi kowace safiya a hanyar shiga gari, haka ma ta Lugbe da Nyanya. Yawancinsu ma'aikata ne da hayar Wuse da Garki ta gagara. Abin da suke nema bai wuce ciki da falo ba, ko ɗaki ɗaya mai banɗaki da kicin, kusa da titi, da ruwa. Irin wannan, wani na tashi wani na ƙwanƙwasa ƙofa. Sai dai ƙananan ɗakuna nake nufi. Manyan gidaje kam, ga su nan a Maitama da Asokoro, wasu sun daɗe a kulle.

Abokanka masu son shago ba ƙarya suka yi ba. Hayarsa ta fi tsoka, kuma ɗan kasuwa ba ya son tashi daga inda abokan cinikinsa suka san shi. Amma shago sawun mutane yake ci. A filaza ɗaya, na ƙasa mai kallon titi ana rububinsa, na sama can lungu sai ya shekara babu mai tayawa, kai kuwa kana biyan kuɗin gadi da shara da janareta. Gane wannan bambancin sai wanda ya daɗe a kasuwa, dillali kuwa la'adarsa yake kallo. Ƙari a kan haka, wasu shagunan ba mallaka ake sayarwa ba, haya ce ta wasu shekaru, wa'adi ya cika su koma hannun mai su. In kana da sana'ar da kai ko iyalinka za ku zauna a ciki, to wannan magana ce daban.

Ko wanne ka zaɓa, takarda ce gaba. Tun dokar da ta kafa Abuja a 1976, ƙasar birnin duka ta gwamnatin tarayya ce, kuma ministan Abuja ke ba da takardar mallaka, yawanci ta shekara 99. Takardar mai unguwa ko sarkin ƙauye ba ta hana rusau. Ka ɗauki lauya ya bincika maka fayil ɗin filin a ofishin AGIS, wato hukumar da ke ajiye bayanan filayen Abuja, kafin ka biya ko sisi, ya kuma duba abin da aka ware filin dominsa, don filin gidan zama ba a mai da shi shaguna sai da izini. In Mararaba ka nufa saboda sauƙi, ka tuna can jihar Nasarawa ce, rajistar filayenta daban.

Wajen lissafi kuma, kar ka tsaya a kan hayar da dillali ya faɗa maka. Ka tambayi maƙwabta nawa suke biya a shekara, ka cire kuɗin gyara da fenti da watannin da ɗaki zai zauna babu kowa, sannan ka ga shekara nawa za ka yi kafin uwar kuɗinka ta dawo.