Amsa: Wane mai ya dace da injin wanke kayan mota?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko fetur za ka zuba a injin wanke kayan gyaran da ka sa a garejinka, ko kananzir, ko man gas. Zuba man gas. Kananzir ka ajiye shi a gwangwani mai murfi don ƙananan kaya irin na kabureta, saboda ya fi saurin bushewa. Fetur kuwa, don Allah kada ya shiga bahon injin nan, duk da na san shi yaranmu suka saba da shi.

Dalilina zafin Sakkwato ne. Tururin fetur yana kama wuta ko da sanyin hunturu, na kananzir kuma daga wajen digiri 38, alhali mu nan a watan Afrilu muna wuce 40. Na man gas kuwa sai zafi ya haura digiri 50. Na taɓa ganin tartsatsin mai walda ya faɗa kwanon fetur, yaron da ke wanke fistin bai ankara ba sai da wuta ta lashe masa hannu har gwiwa. Sai dai gas yana barin maiƙo, kuma ƙurarmu tana manne masa, don haka ka goge kaya da tsumma mai tsabta kafin haɗawa. Kada ka wanke birki da gas. Ka rufe bahon, ka sa shi inuwa, yara su sa safar hannu.