Ku Tambaya Mu Amsa: Bankwanan Ƴan Terminal

Wasiƙun wannan wata kusan duk daga ƴan terminal, wato ajin ƙarshe na lise (babbar makarantar sakandare), suka fito. Malamai da masu kula da ɗalibai da suka daɗe a makarantun Maraɗi ne suka amsa.

*Malam, ajinmu ya rabu biyu. Wasu na son a yi walimar bankwana kafin jarrabawar bak ta kammala lise, wasu sun ce sai sakamako ya fito. Ina mafita? Daga wani ɗan terminal D, unguwar Zariya.*

Ɗana, duka biyun akwai gyara. Kafin jarrabawa, makonnin da ya kamata ku ba bita su ne za su tafi wajen bin tela da tara kuɗi. Bayan sakamako kuwa aji ya riga ya tsage gida uku: waɗanda suka kai 10 cikin 20 suka ci tun zagayen farko, waɗanda ke jiran zagaye na biyu, da waɗanda ba su samu ba. Na ukun ba za su zo ba, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Daga nan taron ya tashi daga bankwanan aji ya koma shagalin waɗanda suka ci.

Ku sa shi kwana ɗaya ko biyu bayan takardar ƙarshe, lokacin da kowa bai san matsayinsa ba, kuma ƴan Dakoro, Mayahi, Tasawa da Gidan Runji da ke zaune gidajen dangi ba su koma gida noma ba. Sai dai ku lura da wuri. In makarantarku cibiyar jarrabawa ce, masu gyaran takardu na ciki, ba za a bar ku ku kafa rumfa da amsa-kuwwa a harabar ba. Ku tambayi shugaban makaranta tun wata guda kafin ranar, a rubuce, ku kuma tanadi wani wurin. Tunda damina ce, ku fara ƙarfe 9 na safe ku tashi da azahar, don hadari ya fi tasowa da la'asar, iskar da ke gabansa kuma ba ta barin rumfa tsaye.

*Mu 60 ne a aji. Yaya za mu tsara karo-karo da abinci ba tare da rigima ba? Daga wata ɗaliba, Ali Ɗan Sofo.*

Ƴata, rigimar kuɗi daga abu ɗaya take farawa: mai karɓa shi ne mai rubutawa, shi ne kuma mai zuwa kasuwa. Ku raba aikin uku. Ɗaya ya karɓa, ɗaya ya riƙe kundi wanda kowane mai biya zai sa hannu gaban sunansa, kuɗin kuma a kai ajiya duk ƙarshen mako hannun malami ɗaya da aji ya yarda da shi. Kasuwa mutum biyu ke zuwa, ba ɗaya ba.

Kada ku yanka kuɗi sannan ku nemi abin da za ku saya. Ku fara jin farashin komai, ku haɗa, ku ƙara kashi ɗaya cikin goma, sannan ku raba. Kuma kada ku raba da 60. A kowane aji akwai wanda kuɗin rajistar bak ma da ƙyar aka haɗa masa, don haka ku yi lissafi da 50, sauran kuma mai kundi ya rufa musu asiri. Karanta sunayen waɗanda ba su biya ba a gaban aji shi ne abin da ya fi ɓata irin wannan taro.

Abinci kuwa, baki ake ƙirgawa: ku 60, malamai da ma'aikata kamar 15, sai baƙin da ba a gayyata ba, waɗanda ba sa fashi. Ku ɗauka 90. Kilo ɗaya na shinkafa na ciyar da mutum 6 a dafa-duka, ke nan kilo 15, da mai lita 3, da nama kilo 7 in kowa zai samu yanka guda mai kyau. Ruwan leda uku-uku, zoɓo da lemun hari kuma a sayo musu ƙanƙara da safen, ba daren jiya ba. Abin da ke lalata shinkafa shi ne a sauke ta da asuba a ƙulle cikin leda ko roba tana tururi. Kafin rana ta take ta yi yami. A ɗora tukunya da hantsi, a zuba a manyan farantai, mutum biyar-biyar.

*Dole ne sai mun yi anko?*

Ba dole ba ne. In za ku yi, turmin atamfa yadi 6 ne, yana fitar da rigar samari uku, mace kuma takan cinye turmi ko kusa da shi. Ku saye shi gaba ɗaya rana ɗaya wurin mutum ɗaya, don wanda ya makara zai tarar zanen ya ƙare. A kai ɗinki mako uku kafin ranar, in kuma Sallah ta kusa, a ƙara. Riga mai ɗauke da sunan makaranta da shekara ta fi araha, ta kuma fi daɗewa ana sawa.

*An zaɓe ni in yi jawabi a madadin aji. Me zan faɗa? Daga wani ɗalibi, Sabon Gari.*

Ɗana, minti biyar ya isa, wato shafi ɗaya da rabi na rubutun hannu. Ka rubuta, ka karanta da ƙarfi sau uku, ka ba malamin Faransanci ya duba. In iyaye za su zo, ka maimaita gundarin maganar da Hausa, don su ne suka ɗauki nauyin shekarun nan.

Bayan sallama da gaida manya bisa girmansu, ka koma ranar da kuka shigo segon, ajin farko na lise, shekara uku da suka wuce: ku nawa ne, ku nawa kuka rage. Ka tsaya nan kaɗan. Akwai wadda aka yi wa aure, akwai wanda ya bar karatu ya kama kasuwa, wataƙila akwai wanda ya rasu. Mamaci a ambaci sunansa a yi masa addu'a. Sauran a tuna da su ba tare da faɗin dalilin tafiyarsu ba. Daga nan ka kawo abu biyu ko uku da duk aji ya sani, kamar bitar dare ƙarƙashin fitilar titi ko sanyin safiyar Janairu a darasin farko. Abin da ku biyar kaɗai za ku gane, bar shi sai kun keɓe.

Malamai, ko ka ambace su duka ko ka gode musu a dunƙule. Wanda aka tsallake ba ya mantawa. Kada ka bar mai gadi, mai shara da mai tuwon bakin ƙofa da ta sha ba ku bashi. Sunan tsokana da kuka laƙaba wa wani malami kada ya fito bakinka, ƙorafi kuma ba ranarsa ba ce. Ka rufe da neman gafara a madadin kowa, sannan ka ba wa malami mafi shekaru ya yi addu'a.

Wata magana da ba ka tambaya ba: jerin gwanon babura bayan taro, mutum uku-uku a kan babur ana tsere a kan kwalta. Ku soke shi daga tsari tun yanzu. Hotunan ƴan mata kuma kada a sa su a Facebook ko WhatsApp sai da izininsu.

*Bayan an watse, wace takarda zan nema kafin in bar garin? Daga wata ɗaliba ƴar Madarumfa.*

Ƴata, in kin ci, ki karɓi takardar makinki da shaidar cin bak da zarar an fara bayarwa, da kundin sakamakonki na shekaru uku a makaranta. Kafin ki bar wurin ki gwada su da takardar haihuwarki harafi da harafi: sunanki, sunan mahaifi, rana da garin haihuwa. Sunayenmu da rubutun Faransanci suna da hanya fiye da ɗaya, kuma harafi guda ya isa ya tsayar da rajista a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta nan Maraɗi ko ta Abdou Moumouni a Yamai, ko neman tallafin karatu a hukumar ANAB. Gyara ya fi sauƙi yanzu da kike kusa da makaranta.

Ki yi kwafi biyar na kowace, a buga musu hatimi a ma'aikatar magajin gari, ki haɗa da takardar shaidar zama ƴar ƙasa da ƙananan hotuna. Ta asali ba a miƙa ta ko'ina, nuna ta ake yi. Littafin da kika ara a ɗakin karatu ki mayar ki sa a soke sunanki, in ba haka ba ana iya riƙe miki takardu a kansa.