Amsa ga mai son tayar da Unix V6 a kan PDP-11

Salamu alaikum jama'a. Ƙanena, na saurari saƙonka, kana tambayar me tsohuwar kwamfutar nan PDP-11 take buƙata kafin babbar manhajar Unix V6 na 1975 ya tashi a kanta, tunda kana son gwadawa a SIMH, manhajar da ke kwaikwayon tsofaffin kwamfutoci. To, kar ka fara da yawan memori, ba nan gizo ke saƙar ba.

Katin da ke raba memori, shi ne maganar. A samfurin PDP-11/40 sunansa KT11-D, kuma da kuɗinsa daban ake sayensa a lokacin. Shi ke killace kowace manhaja a gurbinta, ta kasa taɓa inda Unix ɗin kansa yake zaune. In babu shi, V6 ko motsi ba ya yi. Ai dalilin da ya sa 'yan Bell Labs, inda aka ƙirƙiro Unix, suka fito da Mini-Unix ke nan, don ƙananan injina irin 11/10 da ba su da katin. Sai katin KE11-E, mai lissafin ninkawa da rabawa, shi ma 11/40 tana sonsa. Kai da kake SIMH ka huta, zaɓi 11/40 kawai, suna ciki.

Memorin kuwa, za ka yi dariya. 11/45 ɗin da Ritchie da Thompson, maƙirƙiran Unix, suka bayyana a 1974 kilobait 144 gare ta, Unix ya ci 42, mutane da yawa suna aiki a kan ragowar lokaci guda. 11/40 ko ka cika ta, 248 ce iyakarta, don 8 na sama na na'urori ne. Kuma kowace manhaja ba ta ganin fiye da 64, saboda adireshin memorinta bit 16 ne, ka gane? Shi ya sa V7 na 1979 ya fi son 11/45 ko 11/70, su suna ware umarni gefe, bayanai gefe, kowanne da 64 ɗinsa.

Diski, RK05 ɗaya ya isa tashi, kusan megabait 2.5.

Au, na manta agogo. KW11-L bugun wutar lantarki yake ƙirgawa, kuma a cikin V6 an rubuta 60 a daƙiƙa, irin wutar Amurka. Tamu 50 ce. Da injin gaske ka jona a nan, duk awa sai agogon ya makara da minti 10. SIMH na bari ka mayar da shi 50, gwada ka turo mana abin da ka gani.