Amsa ga mai tambaya kan aikin arshitek da injiniyan gini a Nijar

Salamu alaikum 'yan uwa. Ɗan'uwa na ga tambayarka tun jiya, ka ce ƙanenka ya samu BAC yana son karatun arshitek (mai zanen gini) ko jeni sibil (injiniyan gini), kana tsoron kar ya gama ya dawo gida zaman kashe wando. Ni EMIG na yi, makarantar injiniyoyi ta Yamai, na daɗe cikin shantiye, wato wurin aikin gini, yanzu ina Tahoua, to bari in gaya maka abin da idona ya gani.

Aikin nan namu kamar damina yake, in ya zo sai ya zo da yawa, in ya ɗauke sai ka ji tsit. Lokacin Tahoua Sakola a 2017, wato shirin gyara garin don bikin ranar Jamhuriya ta 18 ga Disamba, wallahi mutum ba ya samun barci, tituna, magudanan ruwa, gine-ginen gwamnati, har wanda ya fito lakkol jiya an ɗauke shi. Kafin nan Dosso da Maradi da Agadez sun yi nasu, mu ko muna bin bikin 18 ga Disamba gari gari kamar 'yan ci-rani. Sai kuma shirin taron Tarayyar Afirka na 2019 a Yamai, aka gyara filin jirgin Diori Hamani, aka tada Radisson Blu da zauren taro na Mahatma Gandhi. Amma ka lura, manyan ayyukan nan kamfanonin waje ne ke riƙe da su, Turkawa, 'yan Sin, zanen ma da shi suke zuwa, ɗan ƙasa yawanci kula da aiki ake ba shi. Haka ma bututun man Agadem zuwa Benin, kusan kilomita 2000, ya ɗauki yaranmu da yawa amma ranar da aka gama shimfiɗa shi kwantiragi ya ƙare.

Bayan juyin mulkin Yulin 2023 da takunkumin CEDEAO kowa ya ji a jikinsa, iyaka ta rufe, ƙarfe ya yi tsada, furoje da dama na masu ba da tallafi suka tsaya. Na san biro detid, ofisoshin zane da nazarin gini, da suka sallami ma'aikata, abin ya yi mini ciwo don wasunsu ni na koya masu riƙe nibo, na'urar awon daidaiton gini.

Abin da ya riƙe mu a nan ƙananan ayyuka ne, azuzuwa, gidajen likita na karkara, rijiyoyin burtsatse, shato na ruwa, madatsai a kwaruruka. Duk wannan injiniya yake nema da tofograf mai awon ƙasa, ba arshitek ba. Shi ya sa in batun samun aiki da wuri ne, jeni sibil ko fannin ruwa ya fi faɗi, kuma wanda ya yarda ya bar Yamai ya shiga Keita ko Bouza ko Konni ya fi wanda ke zaune yana jiran ofis mai sanyi.

Arshitek kuwa hanyarsa doguwa ce. Mafi yawan namu a EAMAU, makarantar arshitek ta Lome a Togo, suka yi karatu, ofisoshinsu kusan duk a Yamai suke. Matsalar mutanenmu ba su saba biyan kuɗin zane ba. Wani Alhaji ya taɓa kirana in duba bene da maginin unguwa ya zana masa a bayan buhun siminti, na sa hannu na taɓa ginshiƙi sai yashi ke zuba, ƙarfe huɗu sirara cikin ginshiƙin da zai ɗauki hawa biyu. Miliyoyi ya zuba amma jika kaɗan na zane ne ya ga tsadarsu. Ambaliyar 2024 da ta kada gidaje har da tsohon masallacin Zinder ta sa wasu sun fara tambaya kafin su haƙa tushe, na ga wannan canjin.

Kada dai ka kashe masa gwiwa in zane ne a ransa. Ga arshitek Mariam Issoufou Kamara nan, masallaci da ɗakin karatu da ta yi a Dandaji nan jiharmu da tubalin ƙasa matsattse duniya ta san su, kuma Falke Barmou magini ne na gargajiya, masallacin Yaama da ya gina ya ci kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986. Ga simintin Malbaza kusa da mu, ga ƙasa mai kyau.

Ko wanne ya zaɓa ya koyi AutoCAD, manhajar zanen gini, da yin debi, wato lissafin kuɗin aiki, tun shekarar farko, ya nemi istaj na koyon aiki duk hutu ko ba a biya. In ya samu dama ka turo mini shi Tahoua ya yi sati biyu da ni cikin rana da ƙura, da kansa zai gaya maka wanda yake so.