Karayar ƙwauri: wane ƙarfe ake sakawa, kuma don me?

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 24 ya faɗi a babur, ƙwaurinsa ya karye a tsakiya. An ce sai an zura masa ƙarfe. Filasta ba ta isa ne?

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, Hajiya. Filasta kan wadatar idan ƙashin bai goce ba. In ya goce, abin da ya fi wa baligi shi ne sandar ƙarfe ta cikin ɓargo. Ana ɗan tsagawa a wajen gwiwa, a faɗaɗa ramin ɓargon, a zura sanda mai kaurin milimita 9 zuwa 11, a kulle ta da sukurori sama da ƙasa don kada ƙashin ya murɗe ko ya gajarce. Haɗewa kan ɗauki wata 4 zuwa 6. Da yawa kan yi fama da ciwon gaban gwiwa bayan aikin. In yana shan taba ya daina, domin tana hana ƙashi kamawa da wuri.

Idan karayar na dab da gwiwa ko idon sawu, sandar ba ta samun wurin riƙo sosai, sai a ɗaura faifan ƙarfe da sukurori a jikin ƙashin.

Tambaya: Ƙanina ƙashinsa ya ɓullo waje, aka kafa masa ƙarafa ta wajen ƙafar. Me ya sa?

Amsa: Saboda datti ya shiga raunin, Malam. Fatar ƙwauri siririya ce, kuma ƙarfen da aka binne cikin rauni mai datti yakan zama maɓoyar ƙwayoyin cuta. Shi ya sa ake fara ba da maganin kashe su da allurar tetanus nan take, a wanke raunin a ɗakin tiyata, a riƙe ƙashin ta waje. Ku riƙa tsabtace gindin ƙarafan yadda aka nuna muku. In kun ga ja, mugunya ko ƙarafan suna girgiɗi, ku koma asibiti ranar.

Abin da na fi tsoro shi ne kumburin da ke toshe jini. Ciwon da ke ƙaruwa duk da magani, wanda ke tsananta idan aka motsa yatsun ƙafa, yana buƙatar tsaga ƙafar cikin sa'o'i kaɗan. Ɗorin gida mai tsananin matsewa kan jawo haka, har a kai ga yanke ƙafa.

Tambaya: Dole ne a cire ƙarfen daga baya?

Amsa: In wanda aka saka a cikin ƙafa ne, a'a, 'yar'uwa, sai in yana damunki. Ko da za a cire, sai hoto ya nuna ƙashin ya haɗe sarai, galibi bayan shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi.