Ƙaiƙayin gaba da ya ƙi jin magani

Tambaya: Likita, sau uku na sha fluconazole 150 mg, amma ƙaiƙayi da farin ruwa mai gudaji kamar kindirmo sun ƙi tafiya. Ina mafita? Daga wata uwargida, Tawa.

Amsa: Hajiya, daina shan magani da ka, ki je ɗakin gwaji. Ranar gwajin kada ki yi matsi ko wanke cikin gaba da sabulu. Za a lakato ruwan da tsinken auduga, a duba a madubin likita, sannan a shuka shi a Sabouraud (wani haɗi da ake rainon ƙwayoyin cuta a kansa) kamar awa 48. Shukar ce ke fallasa irin ƙwayar Candida, wato ƙwayar da ke kawo irin wannan ƙaiƙayi: Candida albicans galibi tana jin fluconazole, glabrata da ƙyar, krusei kuwa sam ba ta ji. A auna sukarinki ma, don ciwon sukari na dawo da ita.